Ranar Lahadi ta Farko a Ƙaramar Majami'a a Legas: Jagora ga Sabon Zuwa

Ranar da na fara shiga wata ƙaramar majami'a a bayan layin dogo na Agege, na yi abin da kowane baƙo mai jin nauyi yake yi. Na bari sai da aka fara waƙa, na sulale ta ƙofar baya, na raɓe a bencin ƙarshe inda na ga mutum biyu kawai sun sunkuyar da kai. A zatona na yi dabara, babu wanda ya gan ni. Ko minti biyar ban yi ba wani dattijo ya zo ya dafa kafaɗata, ya ce a hankali, "Ɗana, taso mu je gaba. Wannan bencin na waɗanda ke ƙarƙashin horo ne." Ashe na kai kaina inda ikkilisiya take zaunar da wanda ya yi laifi har ya cika kwanakinsa. Na taso kamar ƙasa ta tsage in shige, matan zumunta suna ta ƙunshe dariya da bakin gyale.

A manyan majami'un Legas, irin ta Deeper Life da ke Gbagada ko babbar majami'ar Angilikan ta Marina, mutum yana iya shiga ya fita ba wanda ya san da zuwansa. A ɗakin da ke ɗaukar mutum sittin kuwa, kafin ka zauna an riga an san akwai baƙo, an ga takalminka, wata mama ma ta fara lissafin ko ɗan wane gari ne. Saboda haka ka cire batun ɓuya a ranka tun daga gida. Shiga irin wannan wuri kamar shiga gidan mutane ne: da sallama ake yi, a gaisa, a faɗi suna, sannan a bi abin da masu gida suke yi.

Nemo wurin

Idan daga Arewa ka taso, da wuya a ce ikkilisiyarku ba ta riga ka zuwa Ikko ba. ECWA da COCIN masu hedkwata a Jos, EYN da ta fara a Garkida a 1923, LCCN ta Numan, da sauran 'yan'uwansu ikkilisiyoyin Arewa, sun bi mutanensu zuwa inda abinci ya kai su. Abin yakan ba ni mamaki in na tuna cewa a nan Legas ɗin ne samari uku na mishan ɗin SIM, wato Sudan Interior Mission, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Disambar 1893 da nufin shiga ƙasar Arewa. Biyu na farko sun rasu a shekarar da ta biyo baya, Bingham ne kaɗai ya rage. Aikin da suka fara shi ya zama ECWA a 1954. Yau jikokin waɗancan ikkilisiyoyi ne suke gangarowa Legas da Littafin Waƙoƙi a jaka.

Inda 'yan Arewa suka yi yawa, nan za ka fara dubawa: Agege, Mile 12 da Ketu, Idi-Araba da Mushin, Obalende, Apapa, da wajen Ojo kusa da Alaba Rago. Barikokin soja da na 'yan sanda ma ba a rasa masu sujada da Hausa a cikinsu, sai dai shiga bariki na bukatar katin shaida, wani lokaci har da sunan wanda za ka je wurinsa. A allon ECWA, in ka ga an rubuta Bishara, galibi da Hausa ake yi, kamar yadda aka saba a gida. Wasu kuma a ƙasan allon suke rubuta lokacin sashen Hausa da ƙananan baƙaƙe, sai ka matsa kusa.

Kada ka dogara da taswirar waya. Yawancin ƙananan majami'u haya suke yi: ajin makarantar kuɗi, saman shago, ginin da ba a gama ba, ko rumfar kwano a bayan gidan wani. Mai gida ya ƙara kuɗi, su kwashe bencinansu su koma wani layi, waya kuma tana nan tana nuna maka tsohon wurin. Bakinka ya fi ta sani. Tambayi maigadin layinku, ko matar da ke soya masa, ko masu sauke doya da tumatir a Mile 12. Kai, mai shayin bakin titi ma, ko da Musulmi ne, ya san inda ake kaɗa tulu kowace Lahadi, domin shi yake sayar musu da burodi in an tashi. Matambayi ba ya ɓata.

In ka samu kwatance, ka je ka ga wurin ranar Asabar da yamma. Lokacin ne mawaƙa suka fi yin gwaji, wasu mata suna shara, ba cunkoso, ba idanu. Ka gaishe su ka yi tambaya uku: ƙarfe nawa ake farawa, da wane harshe, kuma gobe akwai wani abu na musamman? Ta ukun nan ita ce mai muhimmanci. Wurare da yawa sujada biyu suke yi, ta Turanci da ta Hausa, ɗaya na bin ɗaya, amma akwai ranar da ake haɗa su wuri guda sai lokaci ya canza. Ranar godiyar kaka ko makon Zumuntar Mata kuwa, sujadar awa biyu tana iya kaiwa huɗu. Ba laifi ba ne ka fara da irin wannan rana, amma ka ci abinci kafin ka fito.

Shirin daren Asabar

Tufafi ba sai sabo ba, mai tsabta dai. Namiji ya sa kaftani ko riga da wando, ya cire hula in ya shiga, sai fa in ya ga dattawan wurin sun bar tasu. 'Yar'uwa, ki tafi da ɗankwali ko da ba ki saba ɗaurawa ba. A ikkilisiyoyin Hausa rufe kai ga mace abu ne da ba a ma tattauna shi, kuma zani ko doguwar riga sun fi wando kwanciyar hankali a zuwan farko. Wasu ikkilisiyoyi, kamar Deeper Life, matansu ba sa sa 'yan kunne da sarƙa. Ba za a kore ki don kin sa ba, amma gara ki sani kafin ki ga ke kaɗai ce kike walƙiya.

A jaka: Littafi Mai Tsarki, Littafin Waƙoƙi in kana da shi, hankici, da ruwan sha. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932, an kuma sake fassara shi daga baya, don haka in mai karatu ya karanta ka ga kalmominsa sun ɗan bambanta da naka, ba kuskure ya yi ba. Wanda ke cikin waya ma yana yi, sai dai akwai dattawan da har yau in sun ga yaro ya ƙura wa waya ido lokacin wa'azi, a wurinsu hira yake yi. Ka kashe ƙararta tun daga ƙofa. Mafici na hannu yana da amfani, domin wuta na iya ɗaukewa janareto kuma ya ƙi tashi, rufin kwano ba ya tausayin kowa. A watannin Yuni da Yuli kada ka fita ba laima, kuma ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa.

Sai canji. Ka nemi ƙananan kuɗi tun daren, zan faɗi dalili a gaba.

Hanya da bakin ƙofa

Safiyar Lahadi ita ce lokacin da titunan Legas suke numfashi, amma kada hakan ya ruɗe ka. Motocin danfo sukan yi ƙaranci da sassafe, su kuma daɗe suna jiran cika. Motar BRT da katin Cowry ake shiga, ka tabbata akwai kuɗi a ciki. Acaba kuwa, tun Yunin 2022 gwamnatin jiha ta hana shi a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland, daga baya ta ƙara da Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Kada ka gina lissafinka a kansa. Ka yi nufin isa minti goma sha biyar kafin a fara. Wanda ya zo da wuri yana gaisawa da mutum uku ko huɗu a natse. Wanda ya makara da dukan ikkilisiya yake gaisawa lokaci guda, da ido.

A bakin ƙofa za ka iya tarar da matasa, wani lokaci 'yan Birged, wato ƙungiyar samarin majami'a masu fareti, da kakinsu, suna duba jaka. Kada ranka ya ɓaci, ba don kai baƙo ba ne kawai. Tun harin bam na Madalla ranar Kirsimeti ta 2011, da harin majami'ar Katolika ta Owo a Yunin 2022, ikkilisiyoyi manya da ƙanana sun koyi sa ido. Buɗe jakarka da kanka, ka ce, "Ina kwana, ni baƙo ne, wance ce ta yi mini kwatance." Wannan jimla ɗaya tana sauke rabin zargi. Kada ka tsaya ɗaukar hoton gini ko na mutane, kada kuma ka ajiye jaka ka fita.

Daga nan ka bar masu tarbar baƙi su zaunar da kai. Wannan shi ne darasin da na biya da kunyata. A yawancin sashen Hausa maza gefe guda suke, mata gefe guda, mawaƙa da Zumuntar Mata suna da wurinsu, dattawa suna gaba kusa da bagade, yara kuma suna fita makarantar Lahadi. Kujerar da ka gani babu kowa, wataƙila ta wata tsohuwa ce da take zama a kai shekara goma. Baƙo ko da ido makaho ne. In ba ka ga mai zaunarwa ba, zaɓi tsakiya, a bakin layi, ɓangaren da ka ga jinsinka.

Yadda sujadar take tafiya

Tsari ya bambanta, amma ƙashin bayansa kusan ɗaya ne: addu'ar buɗewa, waƙa daga littafi, karatun Nassi, waƙoƙin ƙungiyoyi, sanarwa, baiko (wato kuɗin da ake bayarwa don aikin Ubangiji), wa'azi, addu'ar rufewa da albarka. Ba sai ka haddace ba. Ka sa ido a kan mutumin da ke gabanka, ya tashi ka tashi, ya zauna ka zauna. In mai jagora ya ce "Ku yabi Ubangiji," amsar ita ce "Halleluya." In ya kira lambar waƙa ba ka da littafi, na kusa da kai zai miƙo nasa ku riƙe tare, ka karɓa, kada ka ce a'a don kunya.

Lokacin ƙungiyoyi shi ne inda za ka gane ko wace irin ikkilisiya ka shigo. Ƙungiyar mawaƙa za ta yi tata, 'yan Sabon Rai masu fita wa'azin bishara su yi tasu, matasa su zo da jita da ganga. Amma sai Zumuntar Mata sun miƙe da zaninsu iri ɗaya, an fara buga tulu ana kaɗa caki, wata ta ba da waƙa sauran suka amsa, sannan ɗakin yake cika. Na ga ƙato, direban tirela, yana share hawaye a irin wannan lokaci, don muryar ta kai shi ƙauyensu. In abin ya taɓa ka, ba wanda zai kalle ka.

Hausar da za ka ji kuma ba lallai ta zama irin ta Kano ba. A benci ɗaya za ka samu Bajju da Atyap daga kudancin Kaduna, Berom da Ngas da Tarok daga Filato, Bura da Margi da Kilba, Tangale, Bachama, mutanen Zuru, da Hausawan Kano da Katsina da Zariya. Hausa ce igiyar da ta ɗaure su. Wani zai ce "matata ya zo," wani ya haɗa da Turanci, mai sanarwa ya jefa Turancin buroka a tsakiya. In kai Bahaushe ne ɗan asali, ka riƙe gyaranka a ciki. Mutumin da ka ji yana karya Hausar nan, harshensa na uku ne ko na huɗu.

"Ko akwai baƙi a cikinmu?"

Ga wurin da gaban kowane sabon zuwa yake faɗuwa. Yawanci lokacin sanarwa ne sakatare zai ɗaga kai ya yi wannan tambaya, alhali shi da kowa sun san amsar, domin duk sun juyo suna kallonka. Kada ka noƙe. Zaman da za ka yi ka ƙi tashi ya fi tashin jawo ido.

Ka miƙe, ka gaishe su, ka faɗi abu huɗu a taƙaice: sunanka, garinku, ikkilisiyar da ka fito, da abin da ya kawo ka. Misali: "Ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji. Sunana wane, daga Kafanchan na zo, ina sujada a ikkilisiya kaza. Aiki ne ya kawo ni, ina zaune a Dopemu. 'Yan'uwa na gida suna gaishe ku." Za ka ji ɗakin ya amsa, "Muna amsawa." Shi ke nan, ka zauna. Wasu wuraren za su yi maka waƙar maraba, a zo ana miƙa maka hannu ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ba a so shi ne dogon labari. An ba ka makirfo don gabatar da kai, ba don shaida ko wa'azi ba. Kada ka kawo kukan rashin aiki ko na masauki a nan, akwai lokacinsa. Kada ka soki ikkilisiyar da ka baro. Kada kuma ka yi alkawarin da ba a tambaye ka ba. Mutane da yawa, don daɗin tarba, sukan ce "daga yau na zama ɗan nan," sannan a neme su a rasa. In za a tambaye ka ko ka zo zama ne ko wucewa, amsa mai kyau ita ce, "Na zo ziyara tukuna." Babu mai jin haushin wannan.

In ba ka da wata ikkilisiya a baya, ko ka daɗe rabonka da sujada, ba sai ka ƙirƙiro ba. Sunanka da unguwarka sun isa.

Baiko

Ga dalilin canjin nan. A ƙaramar majami'a sau da yawa ba a zagayawa da faranti, layi-layi ake fitowa ana rawa zuwa gaban akwati, kuma ba sau ɗaya ba. Akwai baikon Lahadi, akwai na gini ko na haya, akwai na aikin bishara, wata rana a ƙara da na godiya ko na taimakon wani mara lafiya. Baƙon da ya zuba duk abin da ke aljihunsa a zagayen farko, shi ne za ka gani a na uku yana rawa da hannu a dunƙule ba komai a ciki. Ka raba abin da ka yi niyya kashi uku, kuɗin motar komawa kuma ka sa shi a wani aljihu dabam. Wannan Legas ce, daga Ojo zuwa Agege ba tafiyar ƙafa ba ce.

Zakka, wato kashi ɗaya cikin goma, ta 'yan ikkilisiya ce, galibi da ambulan ko kati mai suna. Ba a jiran ta daga baƙo. Yanzu wurare da yawa suna rubuta lambar asusun banki a bango don masu turawa ta waya. In za ka tura, ka duba sunan da ya fito, na ikkilisiya ne ko na mutum. In kuma ba ka da ko sisi, ka zauna abinka, ko ka bi layi ka wuce. Yesu da kansa gwauruwa mai anini biyu ya yaba a Markus sura 12, Bulus kuma ya ce a 2 Korintiyawa 9:7 kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da tilas ba. In aka fara kiran masu alkawarin dubu kaza su fito gaba, wannan ba kiranka ba ne a ranar farko, ko da mai kiran ya kafe ka da ido.

Jibin Ubangiji

Jibi shi ne cin gurasa da sha daga ƙoƙo don tunawa da mutuwar Yesu. Nan kam a yi hattara, don kowace ikkilisiya da dokarta. A ECWA da COCIN da makamantansu, cin jibi na waɗanda aka yi wa baftisma ne kuma ba sa ƙarƙashin horo. Ba kowace Lahadi ake yi ba, wani wurin ma sai an sallami jama'a sannan masu ci su tsaya. A Katolika kowace Mas, wato sujadarsu, akwai shi, amma na 'yan Katolika ne da suka shirya. In ba kai ba ne, ka zauna a wurinka lokacin da layi ya tashi, babu wanda zai ga baƙinka. Hanya mafi sauƙi ita ce ka tambayi wani dattijo kafin a fara: "Baba, ni mai cin jibi ne a ikkilisiyarmu, baƙo yana iya ci a nan?" In ba ka samu damar tambaya ba, ka bari ya wuce. Rashin ci sau ɗaya bai taɓa zama laifi ba.

In majami'ar ba ta Hausa ba ce

Wataƙila a layinku babu sashen Hausa, sai ƙaramin reshen Redeemed, wadda ta fara a nan Legas a 1952, ko wata majami'ar Yarbawa. Ka je abinka. Za ka tarar da ƙarar lasifika ta fi wadda ka saba, addu'a kowa da tasa da babbar murya lokaci guda, rawa kuma ba kama hannun yaro. Lahadin farko na wata a Redeemed ranar godiya ce, takan yi tsawo. In an ce maka "E kaabo," maraba ake yi maka, ka ce "E se." Yarbawa suna girmama gaisuwa kamar mu, ka ɗan rusuna wa babba, za ka ga fuska ta sake.

Masu fararen riguna, wato Cherubim da Seraphim da suka fara a 1925 da kuma Celestial da ta faro daga Porto-Novo a 1947, tsarinsu dabam ne. A Celestial ba a shiga da takalmi, ana ƙona turare da kyandir, maza da mata ba sa haɗuwa a zama, akwai kuma dokokin tsarki da suka shafi mata. In can aka gayyace ka, ka sa wanda ya gayyace ka ya yi maka bayani tun a gida.

Bari in ɗan ratse saboda maƙwabtanmu Musulmi, tunda a Agege da Idi-Araba gida ɗaya muke haya, famfo ɗaya muke layi. Yakan faru abokin aiki ya kawo maka katin ɗaurin aure ko na jana'iza a coci. Zuwa ko rashin zuwa magana ce tsakaninka da malaminka, ba ni zan yanke ba, kuma da yawa sukan tsaya a waje ko su je wurin liyafa kawai, mai biki ya gode. In ka shiga, ba a cire takalmi sai a wurin masu fararen riguna. Ba dole ka yi waƙa, ko ka durƙusa, ko ka ba da baiko ba, jibi kuma ba naka ba ne. Zama cikin natsuwa ya wadatar. Lokacin salla ya yi, ka fita a hankali. A wurin abinci ka tambayi abin da aka dafa ba tare da jin nauyi ba. Kai kuma mai gayyata, hakkin baƙonka yana wuyanka: ka zaunar da shi kusa da ƙofa, ka gaya wa mai jagora tun da wuri kada a sa shi a gaba da kira ko tambaya.

Bayan an tashi

Kada ka ruga. Minti ashirin na bayan albarka sun fi awa biyun da suka wuce gaya maka halin wurin. Fasto yakan tsaya a ƙofa. Ka miƙa hannu biyu, ka ce "Barka da sujada, Baba." Matarsa Mama ce ko da ba ta kai ka shekaru ba. Dattijo Baba ne, mai bishara a wurare da yawa Malam ake ce masa, sa'anninka kuma ɗan'uwa da 'yar'uwa. In an kai ka wani ɗaki an ba ka lemo da biskit, ko kunu in ka yi sa'a, ka sha. Ƙin karɓa a wurinmu ƙin mutum ne.

Za a ba ka kati ko littafin baƙi ka rubuta suna da lambar waya. Ka sani in ka bayar za a kira, wani wurin har a zo gida. In kana so, to. In ba ka shirya ba, ka rubuta suna da unguwa kawai, ka ce sauran sai ka dawo. Mace mai zaman kanta, ki ba wa shugabar Zumuntar Mata ko matar fasto lambarki maimakon duk wanda ya miƙo waya, kada kuma ki yi kwatancen ɗakinki a ranar farko.

Gaskiya ne a irin waɗannan ikkilisiyoyi ake jin labarin ɗakin haya, da gurbin gadi, da wanda zai tafi gida a ba shi saƙo. 'Yan garinku ma wataƙila suna taronsu a ƙarƙashin bishiya bayan an tashi. Amma wanda ya zo ranar farko da roƙon bashi ya rufe wa kansa ƙofa, domin sun sha ganin masu zagaya majami'u da labari iri ɗaya. Ka bari a san fuskarka.

Ni shawarata, ka ba wuri Lahadi uku kafin ka yanke hukunci, ka kuma leƙa taron tsakiyar mako sau ɗaya, nazarin Littafi ko addu'a, inda mutum goma ne kawai ba kiɗa ba ado. A cikin wannan lokaci ka lura: ana karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a? Akwai dattawan da ke iya ce wa fasto a'a? In an sanar da mara lafiya, akwai masu zuwa dubiya, ko sanarwar ce kawai? Wa'azin yana buɗe Nassi, ko kullum a kan aljihu yake sauka?

Akwai kuma abin da ba ya bukatar Lahadi uku. In aka ce ka sayi mai ko ruwa ko hankici kafin addu'arka ta karɓu, in aka ce uwarka ta ƙauye ce ta ɗaure maka arziki, in aka ce ka bar shan maganin asibiti, ko aka ce ki zo ke kaɗai da dare a yi miki addu'a ta musamman, ɗauki jakarka. Ba sai ka yi gardama ba, ba sai ka yi sallama ba. Legas cike take da masu allo da lasifika, kuma sabon zuwa mai neman aiki shi ne abincinsu.

In kuwa wurin ya kwanta maka, mataki na gaba takarda ce. Ikkilisiyoyin da suka fito daga mishan suna son ganin katin baftisma da wasiƙar canjin wuri daga ikkilisiyarku ta gida, mai nuna cewa kai mai cin jibi ne kuma ba ka gudo daga horo ba. Ka kira sakatarenku na gida ya rubuta, fasto ya sa hannu da hatimi. Wasu suna karɓar hotonta ta WhatsApp kafin ta iso, wasu sai sun riƙe ta a hannu. In haka ne, ka tambaya a cikin ikkilisiyar ko akwai mai dawowa daga gida a watan. Tawa a cikin buhun acca ta iso, wata mama ce ta kawo ta daga tashar Iddo, duk ta yi ƙura, sakatare ya karkaɗe ta a gwiwarsa ya karanta wa dattawa.